Yadda Muka Ɗinka Yaƙin Amurka a Hindawiyya

Ku da kuka tashi a wannan masana'anta, mutum ɗaya yana haɗa aljihu tun safe har la'asar, na kusa da shi yana dasa maɓalli, kuna ganin ɗinki taka feda ne kawai wuta ta yi sauran. Ban ga laifinku ba, abin da kuka tarar ke nan. Ni kuwa da aka kai ni koyon sana'a a shekarun hamsin, na daɗe ban ɗora ƙafa a kan keke ba. Gawayi nake hurawa a dutsen guga, in yi kalmasa da hannu, in farke, in sake. Gidan maɓalli ɗaya sai in wuni a kansa.

Wanda ya koya mini shi ne Baba Ilu, a wani ɗan shago a Hindawiyya, tsakanin mai sayar da wake da mai gyaran risho. Bahaushe ne da ya ƙetaro daga Sudan tun kafin a haife ni. Ni a nan Jidda aka yanke mini cibiya, kakannina ne suka zo hajji suka zauna, shi ya sa Hausata take gauraye da Larabci, shi kuwa tasa tsantsa ce irin ta mutanen da. Kayan aikinsa ba su da yawa: baƙin keke mai ƙafa, alli, igiyar awo da lambobinta suka goge, da wani babban almakashi da ba wanda yake taɓawa sai shi. Yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya karyawa. Ba ya yanka yadi sai ya san abin da mai rigar zai yi a cikinta. Ɗan dako a tashar jirgin ruwa, hammata za ka sake masa. Liman, gwiwa za ka duba. Direba, baya.

Aikin da ya fara fito da sunan shagon kwat ce ta wani matuƙin jirgin ruwa, Bature, da ta yage a kafaɗa. Telolin unguwa duk sun ƙi ta, don mu tob muka sani, wato doguwar farar rigar nan, da wando da falmaran. Baba Ilu ya karɓa, ya farke ta gaba ɗaya, ya shimfiɗa guntayen a ƙasa kamar mahauci ya feɗe rago, ya zauna yana kallonsu har ya gane yadda aka haɗa hannu da jiki, da inda ake cusa auduga a kafaɗa. Ya mayar da ita kamar ba a taɓa ta ba. Daga nan aka san cewa a Hindawiyya akwai Takari mai ɗinkin kwat.

Shekaru suka tafi a haka. Lokacin hajji alhazai su cika ƙofa, lokacin salla mu rasa inda za mu ajiye yadi. Na girma, na yi aure, na zama ni ne a kan keke, shi yana yanka.

Sai shekarun saba'in suka zo da kuɗin fetur. Kowa ya ce arziki ya sauka, mu kuwa a kanmu ya sauka. Jiragen ruwa suka riƙa sauke tob ɗinkakku cikin leda, masu araha. Aka buɗe shaguna masu gilashi da kekunan lantarki, kafili ɗaya, wato uban gida mai tsaya wa baƙin ma'aikata, ya kawo teloli goma daga wata ƙasa. Mutumin da muka ɗinka wa kayan aurensa sai ya wuce ta gabanmu sanye da rigar leda, ya gaishe mu yana kallon ƙasa. Wata rana facin wando ɗaya ne cinikinmu. A lokacin ne kuma wata farar yana ta fara rufe idon Baba Ilu. Bai faɗa wa kowa ba. Na gane ne da na ga ya daina duba alli, da ɗan yatsa yake bin layin.

Cikin wannan hali, a shekarar saba'in da shida, wata mota ta tsaya a ƙofar shago. Direban Usmanu ne, Bahaushen Sudan da yake tuƙi a wani kamfanin Amurkawa, yana jin Turanci. Ya shigo da wata Ba'amurkiya mai furfura, ta yafa gyale, tana riƙe da littafin hotuna. Malama ce a makarantar 'ya'yan ma'aikatan kamfanin. Usmanu ya ce ƙasarsu ta cika shekara ɗari biyu da samun 'yanci, yara za su yi wasan kwaikwayo kafin hutun zafi, ana son kayan sojoji irin na wancan zamani: jajayen kwat, shuɗɗan kwat, malafa mai kusurwa uku. Shagunan gilashi sun ce ba su san yadda ake haɗa su ba.

Ni da na ji yawan aikin, na miƙa hannu ga igiyar awo. Baba Ilu ya ce, "Dakata, Haruna. Usmanu, tambaye ta, me mutanen nan suka yi a cikin rigunan?"

Usmanu ya ce, "Ya ammi," wato baffa da Larabci, "wasan yara ne."

"Ko na aljanu ne. Tambaye ta."

Na ba ta kujera, na aika aka kawo shayi. Tana faɗi, Usmanu yana mayarwa da Hausa.

Ta ce kakanninsu daga Ingila suka ƙetara teku suka kafa yankuna goma sha uku a bakin gaɓa, amma suna ƙarƙashin sarkin Ingila. Sarkin ya yi yaƙi da Faransa ya ci bashi, sai majalisarsa ta ɗora musu haraji, a kan takarda, a kan ganyen shayi, alhali ba su da wakili ko ɗaya a majalisar. Suka ce ba za su biya abin da ba a shawarce su ba. A garin Boston wasu suka ɓad da kama suka hau jiragen, suka zubar da akwatunan shayi cikin teku.

Baba Ilu ya ɗaga kofinsa ya ce, "Allah ya yafe musu wannan." Ita ma ta yi dariya da Usmanu ya fassara. Dariyar da aka yi a aikin nan ke nan.

Ta ci gaba. Sarki ya rufe tashar jirgin garin, ya ƙara sojoji masu jar kwat. Wata safiya sojojin suka fita ƙauyuka don su ƙwace albarushi da bindigogin da mutane suka ɓoye, sai manoma suka tare su. A hanyar komawa ana harbinsu daga bayan shinge da bishiyoyi. Yaƙi ya tashi ke nan. Shekarar da ta biyo, wakilan yankunan suka taru suka rubuta cewa daga yau ba su da sarki. Amma rubutu daban, fili daban. An ci su da yaƙi sau da yawa, sun yi ta gudu. Wani lokacin sanyi rundunarsu ta kwana a daji cikin ƙanƙara, ba abinci, ba takalma, ana gane inda suka bi da jinin ƙafa. Cuta ta kashe da yawa ba tare da an harbe su ba. Waɗanda suka saura ba su watse ba. Daga baya Faransa ta shigo musu da jirage da sojoji, aka ritsa babbar rundunar Ingila a wani gari bakin teku, ƙasa a toshe, ruwa a toshe, ta ajiye makamai.

Baba Ilu ya ajiye kofin. "Ingilishi ne ya ajiye makamai?"

Usmanu ya ce, "Shi ne."

"Sake tambayarta, kada ka juya maganar."

Ya sake tambaya. Ta gyaɗa kai.

Ina buɗe littafin sai na ga hoton wani baƙin mutum riƙe da bindiga cikin masu shuɗi. Na faɗa wa Baba, tunda shi ba ya ganin hoton. Ya ce a tambaye ta su waye waɗannan. Malamar ta dubi hoton. Sannan ta ce bayi ne da 'ya'yan bayi da aka kwaso daga Afirka. Wasu sun yi yaƙi tare da masu neman 'yanci, wasu sun gudu wajen Ingilishi don ya yi musu alkawarin 'yantawa. Da yaƙi ya ƙare, yawancin bayi suna nan a bayinsu, sai bayan shekaru masu yawa da wani yaƙin. Mutanen ƙasar na asali kuma, waɗanda aka tarar, ƙasarsu aka ci gaba da ƙwacewa.

Baba ya ce, "Yadin bai isa kowa ba ke nan."

Usmanu ya fassara. Ta ce, "Bai isa ba."

Baba ya ce, "Tunda ba ta ɓoye ba, auna, Haruna."

Jajayen kwat ɗin ba su ba mu wahala ba. Mulufi muka nemo a kasuwar Balad, muka yi musu farin shafi, muka gicciya fararen ɗamaru a ƙirji. Soja ne mai tsayuwa a layi kafaɗa da kafaɗa, don haka aka matse ƙirji, aka ɗaga wuya. Malafa kuwa kwali muka yanka muka lulluɓe da baƙin yadi, muka naɗe gefe uku. Ku sani, ɗinka wa yaro ya fi ɗinka wa babba wuya. Ba shi da kafaɗa, ba shi da ƙugu, kuma tsakanin awo da gwaji ya ƙara tsawo.

Abin da ya kayar da ni shi ne tsummoki. Ana son kayan sojojin da suka sha sanyi a daji, tsofaffi, yagaggu. Na ɗinka riguna da akoko, na ɗauki ƙaramin almakashi na yi musu huji nan da can, na yanka bakinsu kamar haƙoran zarto. Na miƙa wa Baba. Ya bi da hannu, ya ajiye.

"Wannan ɓera ne ya ci. Rigar mai tafiya ba haka take mutuwa ba."

Ya sa aka dafa shayi mai kauri a tukunya, muka jiƙa rigunan har suka yi launin ƙasa, muka shanya. Sannan ya aike ni na samo dutsen murjani irin wanda ake gina tsofaffin gidajen Jidda. Ya ɗora riga a gwiwarsa yana gurza. Kafaɗar dama ya fara ci, inda igiyar kaya take zama. Sai bayan wuya, inda gumi yake ruɓar da zare. Sai gwiwar hannu, sai mazaunin wando. Ya ce ƙasan riga ba yagewa yake yi ba, mai ita ne yake yage shi da kansa, tsiri-tsiri, don ya ɗaure ƙafa. Ya yagi tsiri ɗaya, ya ce in miƙo ƙafata. Ya fara daga diddige, ya gicciya ta saman ƙafa, ya bar yatsu, ya ƙulle a gefen idon sawu ta waje. Ya ce idan ƙullin yana ciki, zai goge ɗaya ƙafar har ta yi jini.

Na ce, "Baba, a ina ka koyi wannan?"

Sama da shekara ashirin ina tare da shi, bai taɓa ba ni labarin da ya wuce Sudan ba. Ran nan ya faɗa, hannunsa bai bar gurzar riga ba.

Ya ce yana ɗan ƙarami Nasara suka ci ƙasar Hausa. Babansa manomi ne, yana cikin waɗanda suka ce ba za su zauna ƙarƙashinsu ba, suka bi Sarkin Musulmi zuwa gabas da mata da yara da jakuna. Aka cim musu a wani gari mai ganuwa. Su suna da kibiya da takobi da 'yan bindigogin toka, Nasara suna da bindiga mai ruwa. Ya ce waɗanda suka harbe su ba jar kwat suka sa ba, kaki ne da jar dara, kuma yawancinsu baƙaƙe ne, wasu da Hausa suke ba juna umarni. Babansa ya fita da harsashi a cinya. Yayyensa biyu maza ba su fita ba. Daga nan aka kama hanya. A yi damina a wani wuri a yi ƙodago, a girbe, a ƙara gaba. Uwarsa ce take ɗaure masa ƙafa kowace safiya da bakin zanenta, har zanen ya koma iya gwiwa. An binne ta a hanya, a wani wuri da ba shi da suna.

"Muka yi shekaru muna gudun Ingilishi," in ji shi. "Muka isa Sudan, muka tarar da shi a can yana jiranmu. Babana a gonar audugarsu ya ƙare, yana ɗingishi. Bai ga teku ba, balle Ka'aba."

Ya miƙo mini rigar. "Ragowar ka yi su haka."

Saura kwat ɗin babban kwamandan masu neman 'yanci. Malamar da kanta ta kawo yadin, shuɗin ulu mai kyau da aka aiko mata daga ƙasarsu, daidai kwat ɗaya, ba ragi. Baba ya ce shi zai yanka. Na zana masa da alli, na matsa baya. Ya yi bisimilla ya sa almakashi. Baya ya fita daidai, hannuwa daidai. A gaban hagu ne yatsansa ya bar layin ya bi wani lanƙwashin yadi, ya shiga ciki kusan faɗin tafin hannu. Ina gani, kafin in buɗe baki ya wuce.

Ya ɗora gaban hagu a kan na dama ya shafa gefunansu. Ya sake shafawa. Mai sayar da wake yana ta kiran masu saye a waje. Baba ya juya almakashin ya miƙo mini ta wajen mariƙi.

"Karɓi. Halas, na gama."

Na ce, "Baba, ana iya gyarawa."

"Yadin ana iya gyarawa."

Na gyara shi. Na ciro tsiri daga abin da ya ragu a hammata na dasa a wurin, na faɗaɗa ruwan ƙwan yadin da ake naɗewa a ƙirji ya rufe ɗinkin, na jera maɓallan tagulla a kai. Wannan dabara ku riƙe ta: kuskure a gaban kwat, ƙarƙashin maɓalli ake binne shi. Ba wanda ya gane. Baba bai sake yanka komai ba.

Ranar wasan Usmanu ya ɗauke mu bayan azahar, don malamar tana son tela a kusa ko wani abu zai ɓalle. Ni na ce Baba ya zauna a gida, ya ce zai je. Aka ajiye mana kujeru biyu a gefen dandamali, bayan labule. Iyaye sun cika zaure. Ni ina riƙe da allura da zare, shi yana riƙe da hannuna, ina faɗa masa abin da ake yi.

"Yanzu suna jefa akwatunan shayi. Kwali ne."

"Yanzu jajaye sun shigo a layi, ana buga ganga."

Da aka zo wajen sanyi, aka baza auduga a ƙasa, yara suka fito cikin tsummokinmu suna jan ƙafa. Baba ya ce, "Ƙullin yana waje?" Na ce yana waje.

Can ƙarshe shuɗɗa suka tsaya a gefe ɗaya, Faransawa a ɗaya gefen, jajaye suka biyo ta tsakiya. Yaron da yake gabansu fuskarsa a murtuke, don an ce tun farko shuɗiya ya so. Suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ajiye bindigogin katako. Kowace ta faɗi sai katakon dandamali ya amsa. Baba ya matse mini hannu.

"Ƙarar me ke nan?"

"Bindigogi ne, Baba. Suna ajiyewa."

"Ingilishi?"

"Ingilishi."

"Dukansu?"

"Saura biyu. Yanzu dukansu."

Mutane suka miƙe suna tafi. Shi bai tafa ba. Ya zauna fuskarsa tana wajen ƙarar, ya ce a hankali, "Ko na yara ne, da babana ya ji wannan."

Malamar ta zo ta gode mana, ta ce iyaye suna tambayar wa ya yi tsummokin. Baba ya ce a gaya mata Allah ya raya yaran.

Muka shiga mota, muka fito bakin teku. Sannan Baba ya ce, "Usmanu, waɗanda suka ajiye bindiga, kashe su aka yi?"

"A'a, ya ammi. An tsare su, da aka yi sulhu jirage suka kwashe su."

"Waɗanda suka ci fa?"

"Suka koma gonakinsu."

"Kowa ya koma gida ke nan."

Usmanu ya ci gaba da tuƙi. Muka wuce tashar jirgin ruwa, ana ta sauke kaya. Baba ya juyo wajena.

"Haruna, sunan garinmu Kafin Marke. Akwai rijiya a ƙofar gabas. Lokacin da aka ce Nasara sun bar Nijeriya, na so in tambayi alhazai, na kasa, don ban san abin da za su ce mini ba. Bana idan sun zo, ka tambayar mini ko yana nan."

Na ce to.

Aikin nan ya riƙe shagon har azumi. Baba ya riƙa zuwa yana zama a bakin ƙofa, daga baya ƙafa ta hana shi. Ya rasu bayan ƙaramar salla, kafin jiragen alhazai su fara sauka. Shekara ba ta zagayo ba na rufe shagon, na shigo unguwar masana'antu ta Jidda ina ɗinka kayan ma'aikata, inda kuka same ni.

Na tambaya a hajjin wannan shekarar. Na bi masaukin alhazai, na tambayi Sakkwatawa, na tambayi Kanawa, Katsinawa, mutanen Bauchi da na Damagaram. Wani tsoho ya ce kamar ya taɓa jin sunan, da na matsa masa sai ya ce wataƙila wani garin ne. Na ci gaba da tambaya duk shekara, har ƙafata ta daina kai ni. Ku yanzu kuna da hanyoyin tambaya da ni ban da su, wasunku ma suna zuwa Nijeriya ganin dangi. Kafin Marke ne, rijiya a ƙofar gabas. In an ce muku kufai ne, ku zo ku faɗa mini haka ɗin.